TARIHIN ƊINKI A DAMAGARAM: DAGA ALLURA ZUWA RIGA MAI ROBA

 

Hirarmu ta yau a kan ɗinki take. Akwai wata irin tufa da ta cika gidajenmu, watau tufa mai roba, wadda in an ja ta sai ta miƙe, in an sake ta sai ta koma. Singileti, rigar ƙwallo, rigar sanyi, wandon yara, har da hijabin mata, da yawansu irin wannan yadi ne. Kowa ya san halinta. Jikin riga yana nan da ƙarfinsa, sai kalmasar bakinta ta warware. Uwar gida ta ɗora ta a keke ta ɗinke. Yaro ya zo sawa, sai a ji ɓas, zare ya tsinke. A sake ɗinkewa, ya sake tsinkewa. Daga nan wasu su zagi tela, wasu su ce keke ya tsufa, wasu su mai da rigar tsumma su sayi wata. Kuɗin da za a auni hatsi da shi ya tafi wajen tufa.

To, abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: kowace tufa da irin ɗinkin da take so. Mutanen Damagaram sun ga tufa iri uku, ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta zo, sai maɗinka su koyi sabon hannu. Bari mu bi su daki-daki.

TUFA TA FARKO: SAƘAR GIDA

Sarautar Damagaram ta samo asali daga Malam Yunus, wajen shekarar 1731. Sarki Sulaiman ɗan Tintuma shi ne ya mai da gidan sarauta Zindar, wajen 1812. A lokacin nan Damagaram tana bin Borno, tana kai gaisuwa can. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da garu, ya sa maƙera suka ƙera igwa, ya kuma jawo fatake daga ko'ina. A zamaninsa garin ya bunƙasa ƙwarai.

A wancan zamani, riga doguwar tafiya take yi kafin ta hau jikin mutum. Manomi ya shuka auduga, ya tsince ta. Mata su gurje ta, su fid da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya karɓi zare, ya zauna a masaƙarsa yana jefa ƙoshiya. Abin da yake fitarwa ƙyalle ne siriri, faɗinsa kamar tafin hannu, tsawonsa kuwa kamu da yawa. In an naɗe shi ya zama zugu. Wanda ke son baƙi sai ya kai marina a tsoma a baba, daga nan a kai wa mabuga su buge shi har ya yi ƙyalli.

Sannan aiki ya zo ga maɗinki. Shi ba ya da komai sai allura da zare da haƙuri. Ya ɗauki ƙyalle biyu, ya haɗa gefe da gefe, ya bi su da ɗinki. Ya ƙara na uku, ya ƙara na huɗu, har riga ta samu faɗi. Babbar riga tana cin ƙyallaye gommai. Turkudi kuwa, wanda ake yi a Kura ta ƙasar Kano, Abzinawa su saya su yi rawani da shi, ƙyallensa bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Ku duba yawan ɗinkin da ke cikin rawani guda!

Gefen irin wannan ƙyalle ba ya zarewa, domin masaƙi ya riga ya kulle shi. Inda aka yanka kaɗai ke bukatar kalmasa, kamar wuya da gindin riga. Maɗinki ya ninka bakin sau biyu, ya bi shi da ƙananan ɗinki. In rigar babban mutum ce, sai a yi mata shafi daga ciki, wani lokaci da alharini mai jan launi. Shafi ado ne, kuma yana ƙara wa bakin riga nauyi da ƙarfi.

Tufa a lokacin nan dukiya ce. A Borno har kuɗi aka yi da ita: ƙyallen auduga da ake kira gabaga, da shi ake ciniki a kasuwa. Sarki in zai naɗa mutum, riga da rawani yake ba shi. Ana gadon riga kamar yadda ake gadon gona. Saboda haka babu mai yar da ita. In ta kece a yi mata maho. In ta koɗe a mai da ita marina. In ta gaji a yanka wa yaro taguwa. Sai ta ƙare sarai sannan ta zama gammo.

AYARI YA KAWO ALLURA DA AKOKO

Zindar tana kan babbar hanyar ayari. Raƙuma su taso daga Tarabulus a bakin teku, su bi ta Gat, su ratsa Abzin da Damargu, su sauka Zindar, sannan su wuce Kano. Unguwar Zango nan ce masaukin baƙi da fatake. A ƙarshen zamanin ayari, Malam Yaro shi ne babban attajirin da aka sani a Zango. Daga nan ana fita da fatu, da gashin jimina, da hauren giwa. Har bayi an fitar ta wannan hanya, abin baƙin ciki ne da tarihi bai ɓoye ba.

Turawa biyu masu yawon duniya sun sauka Zindar sun rubuta abin da suka gani. Na farko Ricadsan, mutumin Ingila, a farkon 1851. Na biyu Bart, mutumin Jamus, wanda ya kira kansa Abdul Karim. Shi ya iso a ƙarshen 1852, ya yi kamar wata guda. Bart ya kuma zauna Kano, ya lissafa kayan da ayari ke kawowa kasuwarta. A ciki akwai takarda, da duwatsun wuya, da takubba, da alharini, da yadin auduga daga Mancesta ta Ingila, da allurai daga Nurambag ta Jamus.

Maƙeranmu sun iya ƙera basilla da allura tun da daɗewa. Amma allurar ayari siririya ce, mai santsi, tana ratsa tufa ba tare da ta yaga ta ba. Tana da daraja har matafiyi kan sayi abinci da ita a hanya. Shi Bart ya yi ta ba da allurai, har mutanen Bagarmi suka sa masa suna sarkin allura. Hausawa sun yi gaskiya: komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

TUFA TA BIYU: YADIN KANTI

Yadin Turai, irin su akoko da alawayyo, shi ne tufa ta biyu. Inji ne ya saƙa shi, saboda haka yana da faɗi. Ba sai an haɗa ƙyalle da ƙyalle ba. Amma ya zo da nasa sharaɗi. Dole a auna, a yanka da almakashi. Duk inda almakashi ya bi kuwa, zare sai ya yi ta zarewa in ba a kalmashe ba. Ashe aikin haɗi ya ragu, aikin yanka da kalmasa ya ƙaru.

Da fari kaɗan ne ke zuwa, a kan raƙumi, da tsada. Sai zamani ya juya. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kazamaju, a Zindar, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 Faransawa suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga gari. Daga 1911 zuwa 1926 Zindar ce babban birnin ƙasar, kafin a mai da shi Yamai. A 1911 ɗin nan kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Kayan da raƙumi ke wata da watanni yana ɗauko su ta hamada, yanzu jirgi ya kawo su Kano cikin ƴan kwanaki. Ayarin Tarabulus ya mutu. Hanyar kaya ta koma kudu.

Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna. Manoman Magarya da Matamai da Kance suka shiga noman gyaɗa. In an sayar da gyaɗa da kaka, sai a shiga kanti a yanko yadi. Akoko, atamfa, shadda, duk suka wadata. Yadi ya yi yawa, hannun maɗinki ya kasa. Nan ne keken ɗinki ya samu wurin zama.

INA KEKEN ƊINKI YA FITO?

Wani tela ne a ƙasar Faransa, sunansa Timoniye, ya ƙera keken da ya fara yin aiki sosai, a 1830. Ya buɗe ma'aikata a Paris da kekuna kamar 80, yana ɗinka kayan soja. Telolin birnin suka ji tsoro kada abincinsu ya ƙare. Suka taru suka afka wa ma'aikatar, suka farfasa kekunan. Timoniye ya mutu matalauci. Amma fasa keke bai tsai da zamani ba.

A Amurka, wani mai suna Eliyas Hau ya fito da keke mai zare biyu a 1846. A 1851 wani kuma mai suna Singer ya gyara shi, ya yi wanda ya fi sauƙin aiki. Kamfaninsa ya riƙa sayar wa mutane bashi, suna biya kaɗan-kaɗan, har keke ya shiga gidajen talakawa a ƙasashe da yawa. Sunan nan Singer da kuke gani a jikin tsofaffin kekuna, sunan mutumin ne.

Ga yadda keke mai zare biyu ke aiki. Zare ɗaya yana sama, a cikin allura. Ɗaya yana ƙasa, a kan kwarkwaro. Allura ta huda yadi ta sauka, zaren ƙasa ya sarƙe na sama, allura ta koma. Su biyun su kulle a tsakiyar yadi. Haka za su yi ta yi, a miƙe, kamar layin shuka. Wannan ɗinki yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ba ya jawuwa ko kaɗan. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo gare ta.

A zamanin mulkin mallaka keke ya bazu a garuruwanmu, ta hannun kantuna da ƴan kasuwa masu zuwa Kano. Akwai mai hannu, akwai mai ƙafa. Daga baya aka samu na ƙasar Sin, irin su Butterfly, masu sauƙin kuɗi. Teloli suka kafa rumfuna a kasuwa. Wasu suka ɗora keke a ka, suna bin unguwa suna kaɗa almakashi. Bayan samun mulkin kai a 1960, gidajen koyon sana'a na mata suka koya wa mata da yawa ɗinki, keke ya shiga cikin ɗaki.

Wa ya ci riba, wa ya yi hasara? Mai saye ya ci riba: rigar da ke cin kwanaki ta koma aikin yini guda. Masu kaɗi da masaƙa su ne suka sha wuya, domin yadin inji ya fi nasu araha. Maɗinkan hannu kuwa ba su fasa keke ba kamar telolin Paris. Wasu suka koyi taka shi. Wasu suka riƙe abin da hannu ya fi keke iyawa, watau ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas. Har yau rigar da aka yi wa aikin hannu ta fi daraja.

Abin lura shi ne, keke da yadin kanti sun dace da juna. Saƙar gida da yadin kanti duk gininsu ɗaya: zaren tsaye da zaren kwance, suna gitta juna. Zaren a miƙe yake tun asali, ba ya da inda zai ƙara miƙewa. Yadi ba ya jawuwa, ɗinki ba ya jawuwa. Shi ya sa aka yi shekaru ana zaman lafiya.

TUFA TA UKU: MAI ROBA

Ita wannan gininta dabam ne. Kun ga yadda mata ke saƙa hular jariri da kwarashi ko da tsinke biyu? Zare ɗaya ne ake lanƙwasawa, ana zarga wannan lanƙwasa cikin waccan, kamar sarƙa. In ka ja, lanƙwasar ta buɗe, tufa ta miƙe. In ka saki, ta koma. Singileti haka aka saƙa shi, sai dai zarensa siriri ne, inji ne kuma ya yi. Ku kai shi kusa da ido, za ku ga ƴan sarƙoƙin a jere.

Injin irin wannan saƙa ya girmi keken ɗinki nesa. Wani mutumin Ingila, Wiliyam Li, shi ya ƙera shi a 1589, domin saƙa safa. An daɗe ana yin safa da kayan ciki kawai da shi. A 1913 sojojin ruwa na Amurka suka fara sa farar riga mai gajeren hannu a ƙarƙashin kayan aikinsu. Daga baya rigar ta fito fili, duniya duka ta ɗauka. A 1958 kuma, masu bincike na kamfanin DuPont a Amurka suka haɗa wani zaren roba wanda ke miƙewa har ninki biyar ya koma. Ana cuɗa kaɗan daga cikinsa da auduga ko wani zare. Shi ne ya sa rigunan yanzu suka fi na da jawuwa.

A ƙasarmu, da fari sojoji da ƴan lakwal da ƴan ƙwallo aka fi gani da irin wannan riga. Abin da ya watsa ta ko'ina shi ne gwanjo, watau tufafin da aka riga aka sa a Turai da Amurka. Ana ɗaure su dila-dila. Shekaru da yawa jiragen ruwa suna sauke su a Kwatano da Lome, manyan motoci su hau da su arewa, har kasuwar Dole ta Zindar, daga nan su bi kasuwannin ƙauye. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa. Tamma guda ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma sefa 100. Kayan waje suka yi tsada, sabon yadi ya gagari mutane da yawa, gwanjo ya ƙara samun kasuwa. Bayan haka sababbin riguna masu araha daga ƙasar Sin suka biyo baya.

To, tufa ta uku ta iso, amma keken da ke ɗakunanmu na zamanin tufa ta biyu ne. Nan rigimar take.

ME YA SA ZARE KE TSINKEWA?

Ku gwada da hannunku. Ku sami ƙyallen atamfa da tsohon singileti. Ku auna santimeta 10 a kan kowane, ku sa alama. Ku ja atamfa: tana nan a 10. Ku ja singileti ta faɗinsa: zai wuce 10 sosai. Yanzu a ce an bi bakin singiletin da miƙaƙƙen ɗinki. Yadi yana son tafiya, zare ya ce ba ya zuwa. Ɗaya dole ya ba da kai, kuma zare ne ke tsinkewa.

A masana'anta da wani keke dabam ake kalmashe irin wannan riga. Ku juya bakin rigarku ku duba. Ta waje za ku ga layi biyu a jere. Ta ciki za ku ga zare ya yi sarƙa-sarƙa tsakaninsu. Wannan sarƙa ita ke ba ɗinki damar miƙewa. Amma tana da aibi guda: in zare ya tsinke wuri ɗaya aka ja shi, sai ɗinkin ya yi ta warwarewa har ya kewaye riga. Saboda haka in kun ga zare yana reto a bakin riga, kada ku ja. Ku ɗaure shi, ku yanke saura da almakashi.

Maganin abin shi ne ɗinkin da ke da rarar zare a cikinsa. Irinsa shi ne zigizag, mai tafiya dama da hagu kamar sawun maciji. Wata mata ce a Amurka, Helen Balancad, ta fito da dabararsa a 1873. Amma sai bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, kekunan gida masu zigizag suka yawaita. In an ja yadi, karkacewar zigizag ta miƙe, zare bai tsinke ba.

YADDA AKE GYARA KALMASA

1. A wanke riga, a bari ta bushe. A cire guntayen tsohon zare daga inda ya warware.

2. A ninka bakin a kan tsohon layinsa. A ɗora ƙyalle mai laima a kai, a danna da dutsen guga mara zafi ƙwarai. Dannawa ake yi, ba a jan dutsen. Wuta mai yawa tana ƙona roba.

3. A kama ninkin da dogon ɗinkin hannu, wanda za a zare daga baya, domin kada ya goce.

4. A duba allura. Allura mai tsini tana yanke zaren saƙa, ta bar ƴan ramuka da ke ƙara faɗi. Akwai allurar da aka yi domin yadin roba, bakinta a dunƙule yake kaɗan, tana ratsa tsakanin sarƙoƙi. Ku tambaye ta wurin masu sayar da kayan keke. Siririya ake so, lamba 11 ko 12, wadda a wani lissafi ake rubuta 75 ko 80. Ita ce kuma ke hana keke tsallake ɗinki.

5. A sa zaren poliyesta sama da ƙasa. Ya fi na auduga jure ja.

6. In kekenki yana zigizag, ki sa shi ƙarami: faɗi milimeta 1 zuwa 2, tsawo milimeta 2 da rabi. Ki fara santimeta 2 kafin inda ya warware, ki wuce shi da santimeta 2, domin sabon ɗinki ya danne tsoho. Kada ki ja yadi. Ki bar haƙoran keke su tafi da shi. In kin ja, bakin riga zai yi tanƙwashe-tanƙwashe kamar ganyen latas.

7. Mai keken zigizag yana iya sa tagwayen allura, watau allura biyu a gindi ɗaya. Ana sa zare biyu a sama. Ta waje sai a ga layi biyu kamar na masana'anta, ta ciki zaren kwarkwaro ya yi zigizag da kansa. Amma kada a sa ta a tsohon baƙin keke, domin raminsa ƙarami ne, allurar za ta karye.

8. In kekenka tsohon baƙin keke ne mai miƙaƙƙen ɗinki kaɗai, ga dabara. Ka tsawaita ɗinki zuwa milimeta 3. Ka sassauta zaren sama kaɗan. Ka riƙe yadi gaba da baya, ka miƙe shi kaɗan yayin da kake ɗinki. In ka saki, yadi ya koma, zare ya samu rara. A nan kaɗai ake jan yadi, kuma a hankali.

9. In yadi yana da laushi har keke yana cusa shi cikin rami, a shimfiɗa ƴar takarda a ƙarƙashinsa, a ɗinke tare, a yage takardar daga baya.

10. Wanda ba ya da keke, allurar hannu ta isa. Ya yi ɗinki mai gicciye daga ciki: ya kama kaɗan a jikin riga, ya gitta ya kama kaɗan a ninki, ya sake gittawa. Kada ya matse zare. Wannan ɗinki yana miƙewa kamar zigizag.

Kafin a taɓa rigar kirki, a gwada a kan tsumma irinta. A ɗinka, a ja da ƙarfi. In zare bai tsinke ba, to, a ɗora riga.

ABIN DA MUKA KOYA

Jama'a, kun ji tafiyar. Zamanin zugu, gwaninta tana wajen haɗa ƙyalle da ƙyalle. Zamanin akoko, ta koma wajen awo da yanka da taka keke. Zamanin roba, tana wajen sanin allura da ɗinkin da ke miƙewa. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Kakanninmu sun sake rawa sau biyu, ba su ji kunyar koyo ba. Saura mu.

Akwai kuma abin da bai kamata ya sake ba. Su da suka san wahalar gurza da kaɗi ba su yar da riga saboda bakinta ya warware. Mu yi lissafi. A ce riga jika guda ce, watau dala 200. A ce gida yana da yara 5, kowane an ceci rigarsa 2 a shekara. Riga 10 ke nan, jika 10. Zaren da za a gyara su duka da shi bai kai kuɗin riga ɗaya ba. Matar da ta iya wannan gyara kuwa, maƙwabta za su kawo mata nasu, ta samu na cefane.

A nan ne karatu ke da rana. Lambar allura a rubuce take a jikin takardarta. Lambar tsawon ɗinki a rubuce take a jikin keke. Santimeta a rubuce yake a jikin abin awo. Wanda ya iya karanta su ba ya aiki da ka.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Hannu nawa auduga ke bi kafin ta zama riga a zamanin da? Ku lissafa su.

2. Me ya kashe ayarin Tarabulus, kuma a wace shekara jirgin ƙasa ya iso Kano?

3. Me ya bambanta saƙar atamfa da saƙar singileti?

4. A garinku akwai sauran masu kaɗi, ko masaƙa, ko marina? Ku je wurin tsofaffi ku tambaye su wa ya fara kawo keken ɗinki garin. Ku rubuta abin da suka gaya muku, ku ba malaminku ya aiko mana.

Kowa ya zo cibiya mako mai zuwa da tsohon singileti guda, da allura, da zare. Waɗanda suka iya su nuna wa waɗanda ba su iya ba.

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Sai wani mako, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.